Sana'ar Masu Tsara Dokar Bankunan Talakawa

A cikin watan Mayu na shekarar 2023 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasin ƙananan bankuna 179, irin waɗanda ake kira bankunan talakawa, watau masu ba ƙananan 'yan kasuwa rance suna kuma karɓar ajiyarsu. Wannan kuwa ba shi ne karo na fari ba. A watan Satumba na 2010 an soke lasin 224 gaba ɗaya, ko da yake daga baya an yi wa 121 sassauci, aka rufe 103. A ƙasar Gana ma, ran 31 ga Mayu 2019, Babban Bankinsu ya soke lasin kamfanoni 347 masu irin wannan aiki a rana guda. Duk sa'ad da irin wannan ta auku akan ji kukan masu ajiya, a ji sunan bankin da ya faɗi. Amma akwai waɗansu mutane da ba safai akan ji labarinsu ba, alhali kuwa a ƙasashe da yawa da hannunsu aka rubuta dokar da ta ba bankunan nan izinin buɗe ƙofa tun da fari. Su ne masanan da gwamnatoci ke ɗaukowa su ba da shawara a kan yadda za a tsara dokar, da yadda za a tsare ta. Aikin nan ya zama sana'a mai zaman kanta, ya kuwa kamata malamai da 'yan kasuwa su san ta, domin abin da masu ita suka rubuta yana isowa har aljihun mai tebur a bakin kasuwa.

Asalin al'amarin daga ƙasar Bangaladash ya taso. A 1976 wani malamin jami'a mai suna Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 na ƙauyen Jobra dala 27 daga aljihunsa, domin ya raba su da masu ba da bashi da ruwa mai nauyi. Suka biya shi. Daga nan abin ya yi ta girma har ya zama bankin Grameen a 1983. Dabararsa ita ce ba a neman jingina, sai dai a haɗa masu cin bashi ƙungiya ƙungiya, mafi yawansu mata, su riƙa biya kaɗan kaɗan kowane mako, kowa yana jin kunyar 'yan'uwansa. Duniya ta yi na'am da wannan dabara ƙwarai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2005 domin ƙaramin rance, a 2006 kuma aka ba Yunus da bankinsa kyautar Nobel ta zaman lafiya.

To, da ƙungiyoyin ba da rance suka yawaita a Asiya da Afirka da Kudancin Amurka, suka fara karɓar ajiyar mutane, sai gwamnatoci suka ga dokar manyan bankuna ba ta dace da su ba. Dokar nan an gina ta ne a kan takardar gida da ta fili, ga shi kuwa nan ana ba da bashi a kan mutunci da sanayya. Sai aka shiga neman waɗanda suka san aikin. A 1995 manyan masu ba da agaji suka kafa wata ƙungiyar masana a ƙarƙashin inuwar Bankin Duniya a birnin Washinton, ana kiranta CGAP. A 2003 ta fitar da littafin ƙa'idodin tsara irin wannan doka, ta sake gyara shi a 2012. Wannan littafi shi ya zama madogarar masu sana'ar.

Ga yadda aikin yake tafiya. Babban Banki ko Ma'aikatar Kuɗi ta wata ƙasa sai ta nemi taimako, wani mai ba da agaji ya ɗauki nauyin biya, a yi kwangila da masani na kwanaki ƙididdigaggu. Galibinsu tsofaffin ma'aikatan Babban Banki ne, ko lauyoyi, ko akantoci masu binciken lissafi, ko waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan banki da kansu. Masanin ya zo ya sauka a babban birni, ya karanta dokokin ƙasa, ya gana da hukuma da masu bankuna, ya ziyarci reshe biyu ko uku, sa'an nan ya rubuta rahoto tare da daftarin doka. A cikin daftarin ne ake yanke manyan hukunce-hukunce: nawa ne jarin da mutum zai ajiye kafin a ba shi lasin, wa aka yarda ya karɓi ajiyar jama'a, bashin da ya yi kwana nawa ba a biya ba za a lasafta shi cikin haɗari, da kuma abin da za a yi ranar da banki ya gaza. Wani lokaci akan sake kiransa ya horar da masu duba bankunan.

Wanda ya karanta babin ciniki a littattafan fiƙihu ba zai ga aikin nan baƙo ba. Shi ne aikin muhtasibi, mai zagaya kasuwa yana gwada mudu da sikeli, yana hana algus da tauye awo. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, da rubuta shi, da kafa shaidu, da adalcin marubuci. Bambancin kawai shi ne mudun zamanin nan lissafi ne a takarda, wanda mai talla ba ta iya gwada shi da idonta. Saboda haka nauyin da ke kan mai tsara doka ya fi na dā.

Amana biyu ce a wuyansa. Ta fari ita ce kuɗin mai ajiya. Bankin da ke ranta kuɗin masu shi, in ya faɗi su ya ci. Amma wanda ke ranta kuɗin da mai ƙosai da mai faci suka kawo ajiya, in ya faɗi ya tafi da guminsu. Domin haka ne ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2012 ta ce jarin ƙaramin banki kada ya gaza 10 cikin 100 na dukiyar da ya sa cikin haɗari, ya kuma riƙe 20 cikin 100 na ajiyar jama'a a inda hannu zai kai nan da nan, bashin da ya wuce lokacinsa ba a biya ba kuma kada ya haura 5 cikin 100 na dukan bashin da ya bayar. Ƙa'idodi ne masu kyau a takarda. Sai dai takarda ba ta tashi ta je Funtuwa ko Azare ta buɗe littafin banki. Sai an sami mutum mai ilmi da gaskiya ya je, ya zaɓi sunaye daga cikin littafin, ya bi su har rumfunansu ya ga ko akwai su.

A nan ne tarihin Nijeriya ya zama abin lura. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa Bankin Jama'a a 1989, ta kuma buɗe hanyar bankunan al'umma a 1990. A watan Disamba na 2005, zamanin Charles Soludo yana Gwamnan Babban Banki, aka fito da sabon tsari, aka ce bankunan al'umma su juye su zama bankunan ƙaramin rance, aka sa jarin mai ƙaramin lasin naira miliyan 20. Ƙofa ta buɗe, jama'a suka yi ta shiga, har bankunan suka haura 800 cikin 'yan shekaru. Waɗansu masu su ba su san aikin ba, suka kama manyan ofisoshi da motoci suna kwaikwayon manyan bankuna. Waɗansu suka ranta wa kansu da danginsu kuɗin ajiya, waɗansu suka zuba shi a kasuwar hannun jari, ta kuwa karye a 2008. Da aka aika masu bincike a 2010, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, sai aka tarar ɓarna ta riga ta yi nisa. Abin mamaki, littafin CGAP na 2003 ya riga ya yi gargaɗi a kan wannan, cewa bai kamata hukuma ta ba da lasin karɓar ajiya fiye da adadin da za ta iya dubawa ba, gama lasin alkawari ne ga talaka cewa ana tsare masa kuɗinsa. A 2019 aka ɗaga jari, mafi ƙanƙanta ya koma naira miliyan 50, na jiha biliyan 1, na ƙasa baki ɗaya biliyan 5. Da yawa daga cikin waɗanda aka soke a 2023 sun daɗe da daina aiki, ko sun kasa cika sharuɗɗan lasinsu.

Maƙwabta na ƙasar Nijar da sauran ƙasashen yamma da ke kashe kuɗin sefa sun bi wata hanya dabam. A 1993 Babban Bankinsu da ke Dakar ya shirya doka guda domin dukan ƙasashen, ana kiranta PARMEC, da taimakon masanan ƙungiyar Desjardins ta ƙasar Kanada. Su mutanen Desjardins gadonsu shi ne asusun haɗin kai, inda masu ajiya su ne masu banki, saboda haka dokar ta fito da kamannin gidansu. Duk ƙungiyar da ba asusun haɗin kai ba ce sai ta je ta ƙulla yarjejeniya ta musamman da Ma'aikatar Kuɗi ta 'yan shekaru, in ta ƙare a sake. Ba a ce sun yi da mugun nufi ba, abin da suka sani suka kawo. Amma sai da aka sake dokar a 2007 domin ta game kowane iri. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, doka ma haka take in an yanka ta a jikin wani.

Amana ta biyu ita ce mutuncin mai cin bashi, ita ce kuwa aka fi sakaci da ita, domin masu sana'ar sun daɗe suna ganin bankin da ba ya karɓar ajiya ba ya bukatar tsaro mai tsanani. Ƙasar Indiya ce ta nuna kuskuren wannan ra'ayi. A jihar Andhra Pradesh kamfanonin rance suka yi yawa, suna tsere da juna a ƙauye guda, har mace ɗaya ta ci bashi wuri uku ko huɗu, tana karɓa nan tana biyan can. A tsakiyar 2010 mafi girmansu, SKS, ya sayar da hannun jari a kasuwa ya tara kimanin dala miliyan 350. Ba a jima ba labari ya bazu cewa masu karɓar bashi na kamfanoni dabam dabam suna zaune a ƙofar gidajen mutane suna ci musu mutunci gaban maƙwabta, har mutane da dama suka kashe kansu. A watan Oktoba na shekarar gwamnatin jihar ta kafa dokar gaggawa, ta hana bin mutane gida, ta mai da biya wata wata maimakon mako mako. Jama'a suka daina biya, kamfanoni suka durƙushe, masu biya da gaskiya su ma suka rasa inda za su sami rance.

Babban Bankin Indiya ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin wani akanta mai suna Malegam, ya kawo rahoto a Janairu 2011. Daga nan aka sa iyaka ga kuɗin ruwa, 26 cikin 100 a shekara, aka kuma hana fiye da kamfani biyu su ranta wa mutum ɗaya. A 2022 aka sake tsari, aka ɗage iyakar kuɗin ruwa, aka ce dai abin da gida zai riƙa biya na bashi kowane wata kada ya wuce rabin abin da ke shigo masa. Mai lura zai ga dokar kullum tana bin bayan ɓarna ne, sai an yi kuka take isowa.

Maganar iyakar kuɗin ruwa ita ce babbar gardamar masu wannan sana'a. Mafi yawansu ba su son a sa iyaka. Hujjarsu ita ce ranta wa mutum dubu naira dubu hamsin hamsin ya fi tsada nesa da ranta wa attajiri ɗaya miliyan hamsin, gama kowane ɗaya sai an bi shi an rubuta shi, in kuwa aka matse farashi bankuna za su gudu daga ƙauye su bar talaka a hannun mai ba da bashi na unguwa. Hujjar tana da ƙarfi. Amma masu ɗaya ra'ayin su ma suna da abin nunawa. A 2007 bankin Compartamos na ƙasar Meziko ya sayar da hannun jari masu shi suka sami dukiya mai yawa, alhali yana karɓar ruwan da ya kusa ninka bashi a shekara daga hannun mata matalauta, har Yunus da kansa ya fito ya yi tir. Ƙasashen sefa na yamma sun riƙe iyakarsu, sun ma sauke ta daga 27 zuwa 24 cikin 100 a 2014.

Akwai wuri guda da ɓangarorin biyu suka haɗu, shi ne kuwa ya fi shafar ɗan kasuwa: a faɗa wa mutum gaskiyar abin da zai biya. Misali, a ranta wa mutum naira 100,000 na wata shida, a ce masa ruwan 5 cikin 100 ne kowane wata. Sai a lasafta masa 30,000, a haɗa da uwar kuɗi, a raba shida. To, ai tun daga wata na fari ya fara mai da uwar kuɗin, a wata na ƙarshe abin da ya rage a hannunsa bai kai 17,000 ba, amma ana ci gaba da karɓar ruwan 100,000 cif. In aka yi lissafi a kan abin da ke hannunsa da gaske, ruwan ya kai 8 cikin 100 a wata. In an ƙara kuɗin takarda, da ajiyar dole da ake riƙewa daga cikin rancen, sai ya haura haka. Wannan shi ne tauye mudu na zamani, masanin da ya bar ƙofarsa a buɗe cikin daftarinsa kuwa bai cika aikinsa ba.

Aibin da ke cikin sana'ar kanta a bayyane yake. Wanda ke biyan masani dabam, wanda zai zauna ƙarƙashin dokar dabam. Masani yakan gama kwanakinsa ya miƙa rahoto a biya shi ya wuce wata ƙasa, sakamakon shawararsa kuwa ba ya bayyana sai bayan shekara biyar ko goma, sa'ad da ba mai tuna sunansa. Baƙo raɓa ne. Ga kuma jarrabar ɗauko daftarin da aka yi wa wata ƙasa a sauya suna. Har wa yau, shekaru da yawa masu sana'ar sun yi aiki a kan zaton cewa ƙaramin rance maganin talauci ne, sai a 2015 aka buga sakamakon bincike daga ƙasashe shida, Indiya da Habasha da Maroko da Meziko da Mongoliya da Bosniya, ya nuna rancen yana taimakon waɗansu su faɗaɗa sana'a, amma bai fid da galibin masu ci daga talauci ba. Duk da haka ba a ce sana'ar banza ce ba. Ƙasar da ba ta da doka ko kaɗan ita ce kiwon masu damfara, waɗanda ke alkawarin ninka kuɗi su gudu da shi. Abin da ake nema shi ne wanda ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Wani sashe na gwanintar masani shi ne ya san abin da zai ƙyale. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a yankin Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara, an gina shi a kan adashin da mata suka gada. Mata su taru kowane mako su zuba abin da suka iya cikin akwati, su ranta wa junansu, in shekara ta zagayo su raba. Ba kuɗin waje, ba ofis. Wannan dabara ta fita daga ƙasar Hausa ta bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Irin wannan ƙungiya ba ta bukatar lasin, gama kowace mace ta san inda kuɗinta yake, ta san wadda ta ci. Ranar da aka ce sai sun kawo jari da akanta, an kashe su. Doka tana shiga ne daidai inda mai ajiya ya daina ganin kuɗinsa da idonsa.

Saura magana guda wadda ta fi kusa da malamai. 'Yan kasuwa da yawa a ƙasar Hausa suna guje wa bankunan nan ne saboda kuɗin ruwa, abin da Shari'a ta hana. An buɗe wata ƙofa: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, a 2017 kuma Babban Banki ya fitar da ƙa'idar ƙananan bankuna marasa kuɗin ruwa. A ƙasar Pakistan ƙungiyar Akhuwat tun 2001 take ba da rance ba ruwa, tana raba shi a masallatai. Amma duba irin wannan banki ya fi wuya. In banki ya ce murabaha yake yi, watau ya sayi kaya ya sayar wa mutum da riba sananniya zuwa ajali, dole mai duba ya tabbata an sayi kayan da gaske sun shiga mallakar banki kafin a sayar, in ba haka ba bashi da ruwa ne aka sauya masa suna. In ƙiradi ne, dole ya san wa ke ɗaukar hasara in ta zo. Masanin da ya zo daga nesa ya san lissafi, bai karanta babin ciniki ba. Malamin zaure ya karanta babin, bai saba da littafin banki ba. Wanda ya haɗa biyun shi ake nema, ga shi kuwa sun yi ƙaranci. Almajirin da ya sauke, ya yi karatun fiƙihu, sa'an nan ya koyi aikin akanta ko lauya, ya yi shekaru yana duba bankuna, yana da abin da baƙo ba shi da shi: ya san harshen kasuwa, ya san lokacin da manomi ke da kuɗi da lokacin da ba shi da su, zai kuma zauna a garin ya haɗu da waɗanda shawararsa ta shafa a masallaci da wurin jana'iza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kamata iyaye da malamai su lasafta wannan cikin sana'o'in da ake tura yara.

Kafin a sami irin waɗannan da yawa, ɗan kasuwa shi ne muhtasibin kansa. Kada ya kai ajiya sai inda ya tabbata akwai lasin Babban Banki, kuma Hukumar Inshorar Ajiya, wadda ake kira NDIC, ta lamunce wurin. A 2024 hukumar ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in ƙaramin banki ya faɗi, daga naira 200,000 zuwa miliyan 2, abin da ya haura haka kuwa sai an sayar da kadarorin banki a ga abin da ya samu. Saboda haka mai hankali ba ya tara dukiyarsa duka a wuri guda. In rance zai karɓa, ya ce a rubuta masa jimlar abin da zai shiga hannunsa da jimlar abin da zai fita, da ranakun biya, ya kai wa wanda ya iya lissafi ya duba kafin ya sa hannu. Duk wanda ya yi masa alkawarin ribar da kasuwa ba ta bayarwa, ya riƙe kuɗinsa ya wuce. Allah ya tsare dukiyar bayinsa, ya ba masu riƙe da amana ikon sauke ta. Wassalamu.